Jirgin Kwano na Malam Isma'ila

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Birnin Kudu ta layin maƙera ya san rumfar Malam Isma'ila, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce wadda jirgin yaƙi yake reto a ƙarƙashin rufinta. Ba irin na kara ba ne da yara suke yi bayan girbi. Wannan idan aka sauke shi aka kwantar, tsawonsa ya kai na mutum, fukafukansa kuwa sai an kwance su kafin ya bi ta ƙofa. Da kwanon rufi aka yi shi, da gwangwanayen madara, da dalma. Guda huɗu Malam Isma'ila ya ƙera a rayuwarsa, kowanne ya ci masa shekaru, kuma bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Uku tsatsa ta cinye. Na huɗun ne ake gani.

Sana'arsa ta cin abinci daban take. Mazurari yake yi, da mudu, da kurfoti, da liƙin bokiti, da aci-bal-bal lokacin da ake yayinta. Gajeren mutum ne, ba ya son yawan magana, yatsunsa duk tabon yankan kwano. Gari kuwa ya san shi da Mai Jirgi, kuma kowa ya san dalili: wai lokacin yaƙin basasa, yana saurayi, shi ne mai wanke jiragen yaƙi a filin jirgin Kano.

Bai taɓa wanke jirgi ba. Ko wayar shingen filin bai taɓa haurawa ba.

Abin da ya faru shi ne, yana ɗan shekara goma sha shida ya bar ƙauyensu ta wajen Surko ya tafi cin rani Kano. Aikin da ya samu na haƙar ƙasa ne a wani kududdufi, can bayan filin jirgi, inda magina suke ɗibar ƙasar tubali. Ramin ya fi tsayin mutum uku. Daga ƙasansa ba ka ganin komai sai ɗan yankin sama, kuma ta wannan yanki ne jiragen suke bi idan za su sauka, ƙasa-ƙasa, tayoyinsu a waje. Sauran ma'aikata sukan toshe kunne su duƙa. Shi kuwa sai ya jingina da bangon ramin ya ɗaga kai. Wata biyar yana kallon ƙasan jirgi, sau uku, sau huɗu a yini, har ya haddace shi kamar tafin hannunsa. Samansa dai bai taɓa gani ba, sai ɗan walƙiyar gilashi daga nesa.

Da ruwa ya sauka ya koma gida, ƙafafunsa duk faso saboda kwaɓa. A dandali samari suna ta ba da labarin cin rani, wannan ya yi yaron mota, wancan ya tsare kanti. Sai wani abokinsa Ikrima ya dubi ƙafarsa ya ce, "Kai kuma fa? Da ƙafa ka yi noma a birnin?"

Aka yi dariya, har da 'yan mata. Bakinsa ya riga shi, ya ce, "Ruwan wankin jirgi ne. Sabulunsu yana da ƙarfi."

Da suka ƙi yarda ya ɗauki tsinke ya zana musu ƙasan jirgin a rairayi, da inda tayoyi suke shiga, da bindigogi, da tankunan mai guda biyu. Ba wanda ya sake musu. Daga ranar maganar ta fita daga hannunsa. Shi bai maimaita ta ba sai jifa-jifa, mutane ne suka riƙa yi mata ado, har aka kai ga cewa wani matuƙi ya taɓa ɗaga shi sama. Nasa laifin shi ne shiru, shekara hamsin da 'yan kai. Yakan tuna abin a sujada ya nemi gafara, ya fito masallaci wani ya ce "Mai Jirgi, barka da rana," ya amsa.

Da ya koyi ƙira ya zo yin jirgin farko, ƙasansa bai ba shi wahala ba. Saman ne ya tsaya masa. Sai ya yi tunani irin nasa: abin hawa dai abin hawa ne. Ya je tasha ya ƙare wa kan wata babbar mota kallo, ya dawo ya yanka wa jirginsa ƙofa a gefe, da mariƙi, da ɗan matakala. A ciki ya sa benci na mutum biyu, domin bai taɓa ganin direban da ya yi doguwar tafiya ba yaron mota ba. Ya yanka murfin gwangwani ya yi sitiyari. Haka ya yi wa duka huɗun. Da zamani ya zo samari suka fara nuna masa hotuna a waya, "Baba, wannan ai ba shi da ƙofa," sai ya ce idonsa ba ya gani a ƙaramin gilashi, ko ya ce samfurin daban ne. Ya san abin da hoton zai gaya masa, shi ya sa bai taɓa kallo ba.

Yana da 'ya'ya shida. Ta fari ita ce Ruqayya, kuma saboda ta fari ce bai taɓa kiran sunanta ba. Tun yaye goggonta ta ɗauke ta, a Surko ta girma. Idan ta zo gida takan durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. "Ta Gwaram" yake ce mata, tun da aka kai ta aure can. Idan yana da magana da ita sai ya faɗa wa uwarta Barira, ko da tana zaune tana ji. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya tarar ana yi. Sai dai abin da hakan ya haifar shi ne, Ruqayya ba ta san ubanta ta bakinsa ba, ta bakin mutane ta san shi, kuma abin da mutane suka ba ta shi ne labarin jirgi. Ta riƙe shi da hannu biyu. Malama ce a wata Islamiyya a Gwaram, kuma duk ajin da ya bi ta hannunta ya ji labarin mahaifinta, yaron ƙauye wanda riƙon amana ya sa aka bar shi ya taɓa jirgin yaƙi.

Bara, bayan an gama yankan dawa, Barira ta same shi yana alwala ta ce, "Ta Gwaram ta bugo. Wai baffan mijinta na Maruta, Alhaji Muhyiddeen, yana son ganinka da jirginka."

"Me zai yi da shi?"

"Tsohon bakaniken jirgin soja ne. A Kano ya yi aiki lokacin yaƙi. Ta ba shi labarinka, wai har ya yi hawaye, ya ce ashe yana da abokin aiki a kusa bai sani ba. Kuma ta ce washegari za a kai jirgin makarantarsu yara su gani." Ta dube shi. "Malam, ka wanke hannun nan sau biyar."

Ya nemi hanyar zamewa bai samu ba. Ya ce ƙafarsa, Barira ta ce mota za a turo. Ya ce jirgin ba ya son jijjiga, ta ce a naɗe shi da katifa. A shekara arba'in da biyar na rayuwarta wannan ne abu na farko da 'yarsa ta roƙe shi. Ran Asabar da hantsi mijinta Fa'izu ya zo da a-kori-kura, aka ɗaure jirgin, aka kama hanyar Gwaram. Yara suna ta bin motar a duk ƙauyen da aka ratsa. Malam Isma'ila yana gaba, hannunsa a kan gwiwa, har Maruta.

Alhaji Muhyiddeen dogo ne, ya haura tamanin, yanar ido ta kama shi har ba ya gani sai inuwa-inuwa, amma muryarsa tana nan. A soro ya tarbe su. Soron kuwa abin kallo ne: kanta biyu cike da jiragen wasa na kamfani, manya, wasu sun kai tsawon hannu, waɗanda 'ya'yansa suke aiko masa daga ƙasashen waje. Kowanne ya san shi da hannu, kuma kowanne yana da laifin da yake tuhumarsa da shi.

"Malam, zauna nan kusa da ni. Ka ga waɗannan? Kyau kamar amare, amma rabinsu maƙaryata ne." Ya lalubo ɗaya. "Wannan wai Mig ne, irin namu. Shafa nan. Bindiga biyu a dama, biyu a hagu, don ya yi daidai a ido. Wanda ya yi shi bai taɓa shaƙar hayaƙinsa ba. Wancan kuma tayoyinsa waje suke buɗewa kamar kaza za ta sha iska. Na sa an rubuta musu takarda, ba su ba ni amsa ba."

"Baffa, ai ba su jin Hausa," in ji Fa'izu.

"Da Turanci aka rubuta, ɗan nema. Kunya ce ta hana su."

Aka shigo da jirgin kwano aka ɗaura masa fukafukai, aka ɗora shi a kan turame biyu. Ruqayya ta kawo fura, ta durƙusa ta gaida baffan, ta gaida mahaifinta ba tare da ta ɗaga ido ba, ta koma ta zauna bayan labulen ƙofar cikin gida. Malam Isma'ila yana ganin gefen hijabinta da yatsun ƙafarta.

Alhaji ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma. Ya ce bakanike ta ƙasa yake fara duba jirgi. Ya zura hannu a ƙarƙashin hancin, yatsunsa suna tafiya a hankali. Can ya tsaya.

"Bindiga babba ɗaya a dama." Ya matsa. "Ƙanana biyu a hagu. Allahu Akbar." Ya bi ta baya, ya sami tayar gaba, ya tura ta, ta naɗe ta yi gaba. Ya tura manyan, suka naɗe zuwa tsakiya. Ya shafa tankunan mai, ya kai har ɗan ƙaramin fiffiken da yake ƙarƙashin wutsiya, wanda rabin na kantarsa ba su da shi. Sai ya fashe da dariya yana dukan cinya. "Fa'izu, kwashe waɗancan ka kai wa awaki. Ga jirgi nan. Wannan sai wanda ya kwanta a ƙarƙashinsa da tsumma. Malam, a hannun wa ka yi aiki? Saje Ahmad, mai zagin nan?"

Malam Isma'ila ya ce, "An daɗe, Alhaji."

"Shi ne, ba shakka. Duk masu wanki a hannunsa suke. Ruqayya, kina ji? Ubanki ya sha zagi a duniya."

Daga bayan labule aka ji 'yar dariya, ƙasa-ƙasa. Bai taɓa jin dariyarta kusa haka ba. 

Alhaji ya dafa kafaɗar Fa'izu ya miƙe a kan gwiwa, hannunsa ya hau saman jirgin. Ya bi ta gefe, yatsansa ya ci karo da mariƙi. Ya ja, ƙofa ta buɗe. Ya zura yatsu biyu ciki, ya taɓa bencin, ya auna faɗinsa, ya taɓa sitiyarin, ya juya shi. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya daɗe a haka, hannunsa a ciki. Mutumin da ya wanke jirgin nan ko sau ɗaya ya san ba shi da ƙofa. Ta tsani ake hawa, a zame murfin gilashi baya, mutum ɗaya ya zura kansa a kujerar da ko juyi ba ya iyawa, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Kuma gilashin nan shi ne abin da mai wanki ya fi gogewa.

Alhaji ya rufe ƙofar a hankali. Dattijo ne, kuma suruki. Ya gyara murya ya ce, "Wannan don yara ka yi, ko? Su sami abin buɗewa. Dabara ce mai kyau."

Hanya ce ya buɗe masa, mai faɗi. "E" kawai zai ce, a sha fura, a yi sallar azahar, gobe yara su yi kallo, ya koma rumfarsa. Alhaji ba zai taɓa tayar da maganar ba. Malam Isma'ila ya dubi labulen. Gobe za ta tsaya gaban yara ta sake faɗin abin, wannan karon yana tsaye a gefenta, kuma tsohon nan zai zauna da sanin cewa matar ɗansa tana koyar da ƙarya ba ta sani ba.

Ba zai iya juyawa ya yi mata magana ba, bai taɓa yi ba. Sai ya yi yadda ya saba, ya faɗa wa wani tana ji.

"Alhaji, ba don yara na yi ba. Haka na zaci yake."



"Ban san Saje Ahmad ba. Ban taɓa shiga filin ba. Ƙasa nake haƙa a kududdufin da yake bayan waya, ina kwaɓa wa magina. Ta kaina suke wucewa, shi ya sa na san ƙasansu. Saman kuwa a tasha na samo shi, a jikin motar ɗaukar gyaɗa." Ya ci gaba da cewa, "Ina yaro na faɗa, don kada a yi mini dariya. Na girma ban janye ba. Duk wanda ya ɗauki maganar nan daga bakin mutane ya kai wa wasu, ba shi da laifi. Nawa ne."

Fa'izu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Alhaji ya koma kujerarsa da lalube. Ya ce, "Ramin nan na san shi. Mukan ce wata rana sai wani ya faɗa ciki da jirgi." Ya ɗan yi murmushi. "Yaron mota kuwa, Malam, da an sa shi a jirgi da mun huta." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai nace ba.

Da Malam Isma'ila ya sake duban labulen, babu kowa a bayansa.

Aka yi azahar, aka kawo tuwo, ya taɓa kaɗan. Wata yarinya ce ta kawo, ba Ruqayya ba. Da la'asar ya ce wa Fa'izu a taimaka a kwance fukafukan, zai koma gida. Fa'izu ya shiga ciki, ya jima, ya fito yana sosa ƙeya.

"Baba, ta ce a gaya maka an riga an sanar da yara, iyayensu ma sun sani." Ya ƙara da cewa, "Ta ce shekara goma sha tara tana faɗa musu. Ta ce ita ba za ta iya tsayawa ta warware ba. Wai in da hali, wanda ya san yadda aka yi shi ya faɗa."

Malam Isma'ila ya so a ce zagi ta aiko masa. Ya tsaya riƙe da fiffike ɗaya a hannu, ya dubi hanyar da ta nufi Birnin Kudu. Sannan ya mayar da fiffiken ya ɗaure.

Washegari Lahadi da safe aka ajiye jirgin a farfajiyar makarantar, a ƙarƙashin darbejiya. Yara sun fi ɗari, malamai suna tsaye a gefe, har da waɗansu iyaye. Shugaban makarantar, wanda ba a gaya wa komai ba, ya gabatar da shi da kirari mai tsawo, ya kira shi gwarzo. Malam Isma'ila ya tsaya yana ji har aka gama. Ruqayya tana can bayan layin 'yan mata, ta rufe rabin fuskarta.

Ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce, "Yara, abin da aka gaya muku a kaina ba haka ba ne. Malamarku gaskiya ta faɗa muku yadda ta ji. Ni ne na yi ƙarya." Ya ba su labarin ramin, da fason ƙafa, da dandali. Ya nuna musu ƙasan jirgin ya ce wannan daidai ne, Alhaji na Maruta ya shaida. Ya buɗe ƙofar ya ce wannan kuwa babu ita a jirgin gaske, kada wanda ya zana ta a littafinsa. Maganar ba ta kai minti goma ba. Wasu yaran suka yi dariya, wani malami ya daka musu tsawa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko ba ya jin tsoro idan jirgin ya wuce ta kansa. Ya ce yana ji, amma yana so ya gani. Sai shugaban makarantar ya sa aka yi addu'a.

Ruqayya ba ta ɗago ba har aka watse. Da za su tafi ta zo bakin motar ta durƙusa daga nesa kamar kullum, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce, "Amin," yana kallon taya. Idonta ya kumbura. Ko na fushi ne, ko na wani abu, bai sani ba, kuma ba shi da bakin tambaya.

Labarin ya riga shi isa Birnin Kudu. Layin maƙera suka yi mako guda suna tsokanarsa, wani ya riƙa kiransa Mai Rami, sunan bai kama ba. Ran na uku da dawowarsa Barira tana miƙa masa koko ta ce, "Ni da ka ce mini ƙasa ka haƙa, da na aure ka a hakan. Ubana ma ginin rijiya yake yi." Wannan ta fi masa ciwo a kan duk dariyar kasuwa.

Yana nan a rumfarsa har yanzu, yana liƙin bokiti. Idan baƙo ya tsaya ɗaukar hoto, tun kafin ya tambaya yakan ce masa, "Ƙasan ne daidai, saman kuskure ne," ya ci gaba da aikinsa. Ruqayya takan bugo wa uwarta duk Juma'a. Idan sun gama sai Barira ta ce, "Ta Gwaram tana gaishe ka," ya ce yana amsawa. Wata bakwai ke nan ba ta zo gida ba, ta ce aikin makaranta ya yi yawa. Ya ce wa Barira kada ta matsa mata.